Mai Tabarau Ya Zo Duba Masu Kankarar Fenti

Mai Tabarau ya ce ko cikin mata dubu aka jefa ni, aka rufe mana fuska aka bar ido kaɗai, zai nuna ni da yatsa kafin ya ƙifta. A falonmu ya faɗa, yana zaune a kujerar nan da Umma ba ta cire wa leda ba tun da aka sayo ta, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, farin yadinsa sai ƙara yake yi saboda sitaci.

"Ni fa sana'ata ido ce, Gimbiya," in ji shi. "Tun safe har yamma idanun mutane nake kallo. Ido ba ya ɓoye min komai. Naki kuwa na riga na haddace shi."

Na ce, "Allah Sarki."

Umma, da ke laɓe a bayan labulen kicin tana goge farantin da ya daɗe da bushewa, ta yi gyaran murya irin ta jin daɗi.

In yau kuka fara bin labarin nan, bari in nuna muku mutanen. Mai Tabarau shi ne mai nemana. Shagon gilashin ido gare shi a bakin babban titi, kuma mutumin kirki ne, wannan ba zan tauye shi ba. Yana da kyauta, yana da fara'a, ba ya raina na ƙasa da shi. Ciwonsa ɗaya ne: in ya buɗe baki a kan kansa sai ka ɗauka talla ake yi a rediyo. Ni kuma ga abin da bai sani ba a kaina: tsohon fenti nake kankarewa a gidajen mutane. Sana'ata ke nan, kuma ina son ta.

Kawu ne ya jawo ni ciki. Ƙanin Umma ne, mai fenti ne tun ban san kaina ba, kuma tari yake yi tun ban san kaina ba. Da can wuta yake hura wa tsohon fenti har ya narke, ko ya sa samfefa ya yi ta goga a bushe, ya dawo gida fari fat kamar an tsoma shi a buhun fulawa. Ni makaranta ba ta yi nisa da ni ba, amma duk abin da aka rubuta a jikin gwangwani sai na karanta shi har ƙasa, kuma datar wayata a kan bidiyon masu aikin hannu take ƙarewa. A can na ji cewa fentin da can, wani akwai dalma a cikinsa, ƙurarsa guba ce, ta fi yi wa yara da masu ciki illa, hayaƙinsa kuma ya fi ƙurar sharri. Na zaunar da Kawu na nuna masa. Ya gama kallo, ya yi tari, ya ce, "To, Oga, daga yau ke ce gaba." Tun daga ranar sunana Oga a bakinsa. Ni ke cire tsohon, shi ke shafa sabon.

Umma ba ta taɓa yarda cewa wannan sana'a ce ba. Da Mai Tabarau ya tambaye ta aikin da nake yi, cewa ta yi, "Tana ɗan taimaka wa kawunta a harkar gine-gine." Shi kuma, da yake bai taɓa haɗuwa da Kawu ba, ya ɗauki maganar ya gina min ofis a kansa, da kwamfuta da kujera mai juyawa. Ni ban ce akwai ba, ban ce babu ba.

Yana fita a ranar Umma ta fito daga kicin ta tsaya a kaina.

"Kin ji dai da kunnenki. Gimbiya yake ce miki. Kin taɓa ganin gimbiya da bokiti?"

"Umma, ban taɓa ganin gimbiya ba kwata-kwata."

"Bar min wannan bakin naki. Danginsa sun kusa zuwa. Kafin su zo, wannan takunkumin mai kama da hancin alade ki mayar wa kawunki, ki ce kin gode. Kin gama. Ba zan bari ki kori yaron nan da warin fenti ba."

"In ya sani fa, bai gudu ba?"

"Wane namiji ne zai sani bai gudu ba? Miƙo hannunki in gani."

Ta juya tafin hannuna tana neman inda aiki ya sa ya yi kanta, ba ta samu ba. Ta ce man da take ba ni ne ya yi aiki. Ban gaya mata safar hannu ce ba. Mutum ya bar wa mahaifiyarsa wani abin farin ciki.

Gaskiyar magana, jama'a, abin ya tsaya min a rai. Ina son mutumin nan da surutunsa. Ina kuma son ƙarar nan da fenti ke yi in ya saki bango. Umma ta ce dole in ajiye ɗaya, ni kuma na rasa bakin da zan tambaye shi ko haka ne.

Bayan 'yan kwanaki Kawu ya kira ni da safe.

"Oga, an samu aiki. Tsohon gida ne, ɗaki biyu da falo, da ƙofar katako. Ki taho da kayan gwaji."

"Na wane ne?"

"Na wani bawan Allah."

Da na lura da yadda ya ja "bawan Allah" ɗin nan, da na yi tambaya ta biyu.

Gidan a ƙarshen wani layi yake, da 'yar tsakar gida da famfo da bishiya ɗaya. Babu kowa ciki, babu kaya. Bangon babban ɗakin ruwan toka ne a sama, duk ya tattashi yana ɓarewa. Na sa bakin abin kankara na ɗaga wani gefe kusa da taga: ƙarƙashin tokar akwai kore, ƙarƙashin koren akwai ruwan ɗorawa, can ƙasa kuma wani shuɗi mai sheƙi mai taurin kai. Na jiƙa audugar gwaji na goga a kan shuɗin. Ta yi ja.

"Akwai?" in ji Kawu.

"Akwai."

"To, yau ba wasa."

Muka shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa, muka manne bakinta da salatif har jikin bango. Muka rataya wata a ƙofar ɗakin kamar labule don kada ƙura ta bi iska ta shiga falo. Ƙofar katakon kuma muka kwance ta muka kwantar a tsakar gida ƙarƙashin bishiyar, ita ma a kan leda, don maganin da za a shafa mata ba a son warinsa a rufaffen wuri.

Sai shiri. Ku da kuke tambayata a saƙo wai me nake sawa a wurin aiki, ga shi: rigar aiki mai haɗe da wando da hula, ta Kawu ce ta da, ni biyu za su shige ta har da sauran wuri. Hular na ja ta ta rufe ɗankwalina har goshi. Takalmin roba. Safar hannu har gwiwar hannu. Takunkumi mai matatun iska biyu, wanda Umma ke zagi. A sama kuma gilashin kare ido mai roba, duk ya karce. In na gama shiri na kalli kaina a gilashin taga, ni kaina gaishe da kaina nake yi.

Na fara. Fesa ruwa, jira ya sha, kankara. Fesa, jira, kankara. Jiƙaƙƙen fenti ba ya tashi sama, ƙasa yake faɗowa a kan leda kamar ɓawo, ka tattara shi ka zuba a buhu ka ɗaure. Aiki ne na mai haƙuri, kuma ni a nan ne kawai nake da shi.

Na yi nisa a bangon farko na ji ƙarar mota a waje, na ji sallama. Abin kankarar ya kusa suɓuce min.

Muryar nan ko a rediyon da batirinsa ya mutu zan gane ta.

Na juya na kalli Kawu. Kawu ya ɗaga kai yana nazarin silin kamar yau ya fara ganin silin a duniya.

"Malam mai fenti! Sannunku da aiki!" Mai Tabarau ya ɗaga labulen leda zai shigo, farin yadi, farin takalmi, wani gilashi mai ruwan zinariya a hanci.

Kawu ya tare shi da hannu. "Ranka ya daɗe, tsaya daga nan. Ba a shigowa haka."

"Ai gidana ne."

"Gidanka ne, amma ƙurar ba ta sani ba. Dokar Oga ce." Ya nuna ni da haɓa.

Mai Tabarau ya leƙo ya kalle ni daga sama har ƙasa. Ya ɗaga min hannu.

"Sannu, Malam."

Na ɗaga masa abin kankara.

Kawu ya ciro sabon takunkumi daga jaka ya ɗaura masa, ya ɗaure masa leda a takalma, ya yafa masa tsohuwar riga a kan farin yadin. Ya shigo yana taku kamar agwagwa. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya buɗe hannuwa.

"Kun ga ɗakin nan? Nan ne ɗakin amaryata. Ba ta san da gidan ba ma tukuna, so nake in ba ta mamaki. Saboda haka a yi min shi kamar ƙwai."

Jama'a, ɗakina nake kankarewa. Na kalli bangon da ke gabana, na ga wani ɗan lungu da na yi niyyar bari sai anjima, na koma na gyara shi tun yanzu.

"Amma malam mai fenti, wannan fesa-fesan ba zai ɗauki lokaci ba? Akwai wani abokina da ke da injin goge bango, kafin ka ce me ya cinye ɗakin nan. Ko a hura masa wuta. Ni na san harkar nan sosai, na ga yadda ake yi."

Kawu ya buɗe baki zai amsa, tari ya riga shi. Ya fita falo ya yi mai isarsa ya dawo.

"Ka ji wannan?" in ji Kawu. "Injin da wutar ke nan. Shekara da shekaru ina yi. Fentin ƙasan nan akwai dalma. In aka goge shi a bushe, ƙurar za ta shige kowane tsagi na gidan nan ta zauna. Amaryarka ta zo ta share ta shaƙa. Gobe yaro ya yi rarrafe ya sa hannu a baki."

Na jira in ji talla. Ban ji ba. Mai Tabarau ya kalli ledar ƙasa, ya kalli buhun da na ɗaure.

"A bar injin," ya ce. "Ko wata nawa zai ɗauka, a yi shi yadda Oga ya ce. Ba na son ta shaƙi komai. Ko atishawa ba na son ta yi a ɗakin nan."

Gilashina ya ɗan yi hazo daga ciki. Zafi ne, kada wata ta rubuto min wata magana.

Sai kuma ya dawo hayyacinsa.

"Don ku ba ku san ta ba ne. Yarinya ce 'yar gata. A ofis take aiki. Hannunta in ka gani, audugar ma sai ta ji kunya. Ko tsintsiya ban jin ta taɓa riƙewa."

"Tsintsiya kam ba ta riƙewa," in ji Kawu. "A wurin aiki irin wannan ma ba a shara, da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa."

"Ka gani! Kai ma ka san irinsu."

"Na san irinsu ƙwarai."

Na fesa wa bango ruwa fiye da yadda yake buƙata.

Da rana ta take Kawu ya ce a huta. Ba a ci ba a sha a inda ake aikin nan, sai an fita an wanke hannu da fuska. Mai Tabarau ya ce shi zai sayo mana ruwan sanyi da abin taɓawa, ya cire leda ya nufi mota. Na zagaya ta bayan kicin inda ba a hango ni, na cire safa, na wanke hannu, na sauke takunkumi na sha iska. Kawu ya biyo ni yana murmushi har kunne.

"Kawu, ka kyauta ke nan?"

"Ni me na yi? Mutum ya zo ya ce a cire masa fenti. In ce masa a'a, 'yar yayata ce za ka aura?"

"Umma za ta kashe ka."

"Yayata tun ina rarrafe take kashe ni. Ke dai ki duba wayarki, tun ɗazu take kuka a jaka."

Saƙonni ne a jere.

"Gimbiya barka da rana."

"Ina can ina wani babban aiki saboda ke, amma sirri ne."

"Ni nake kula da ma'aikata da kaina, sai da na nuna musu yadda ake yi."

"Kina ina?"

Na rubuta: "Ina wurin aiki."

"Sannu. Kada ki gajiyar min da idanun nan a kan kwamfuta. Kin ci abinci?"

"Yanzu za a kawo."

"Wa zai kawo?"

"Wani bawan Allah."

Ya turo fuskar nan mai haɗe gira. "Wane bawan Allah kuma?"

"Mai gidan da muke wa aiki. Yana da kirki. Surutu ne dai."

"Ki yi hankali da masu surutu, Gimbiya. Yawancinsu ba su san komai ba."

Na ce, "To."

Ya dawo da leda cike. Kawu ya karɓa ya ce ba a cin abinci da Oga a gaban mutane, ya kawo min nawa bayan kicin. Na ji Mai Tabarau yana cewa, "Kunya gare shi, ko? Yaron kirki." Na ci abincin da saurayina ya saya wa yaron kirki, na sha ruwansa, na sake wanke hannu, na canza matatun takunkumi zuwa na warin magani, na mayar da komai na fito.

Aikin yamma na ƙofa ne. Na shafa mata maganin cire fenti da buroshi, da kauri, na lulluɓe da leda don kada ya bushe kafin ya ci. Mai Tabarau, wanda ya ce minti kaɗan zai yi ya koma shago, ya jawo bulo ya zauna daga nesa inda Kawu ya nuna masa. Da lokaci ya yi na yaye ledar. Fentin ya kumbura ya yamutse. Na kwantar da abin kankara na tura a hankali, hawa-hawan nan duka suka naɗo a tare kamar ana naɗe tabarma, katako ya bayyana a ƙasa, ja-ja, da zanensa.

"Kai!" Ya miƙe tsaye. "Kai, kai, kai! Dama haka ƙofar nan take? Malam, don Allah in gwada."

Kawu ya kalle ni. Na gyaɗa kai. Aka sake shirya shi, wannan karon har da safa da gilashi a kan gilashinsa. Na miƙa masa abin kankara. Ya riƙe shi a tsaye kamar zai soki nama, ya danna, ya kusa yi wa ƙofata rauni. Na ƙwanƙwasa masa bayan hannu da ƙotar buroshi. Ya kwantar. Ya tura. Fentin ya naɗo.

Dariyar da ya yi a cikin takunkumin nan, ban taɓa jin irinta a falonmu ba. A falonmu dariyarsa gogaggiya ce kamar yadinsa. Wannan kuwa ta yara ce. Ya yi layi ɗaya, ya yi na biyu, ya ɓata na uku, na ƙwanƙwasa masa, ya ce, "Yi haƙuri, Oga." Muka yi ta yi, shi a wancan gefen, ni a wannan, ba mai magana. Ashe yana iya yin shiru. Wannan ma wani abu ne da na gano a kansa.

Can ya ɗago ya tsura min ido. Ya matso. Ya ƙara matsowa, har ina ganin kaina a gilashinsa. Na ce shi ke nan, an zo wurin.

"Malam, tsaya. Kalle ni nan." Ya ɗaga yatsa. "Bi yatsana. Dama. Hagu. Sama."

Na bi.

"Hmm." Ya juya wurin Kawu. "Malam mai fenti, wannan gilashin da yaronka yake sawa ya mutu, duk ya karce, zai lalata masa ido. Kuma idanun nasa masu kyau ne, lafiyayyu. Ka turo shi shagona in ba shi sabo, kyauta. Ni ido ɗaya na kalla na san tarihin mai shi. Wannan yaro ne mai natsuwa, bai wuce shekara sha tara ba, kuma bai taɓa soyayya ba."

Kawu ya juya baya. Kafaɗunsa na rawa. Ya ce tarin ne.

Da muka gama fuskar ƙofar, Mai Tabarau ya tsaya yana shafa katakon da safarsa.

"Gaskiya ban taɓa ganin mai aiki irin yaron nan ba. Dubi ƙasa, ko ɗigo babu a wajen leda. In kun gama nan akwai shagona, akwai gidan yayata, ita ga yara ƙanana, tsohon fenti duk yana zuba. Ba wanda zai taɓa min su sai shi."

"Ai kuwa da wuya," in ji Kawu, yana ɗaure buhu. "Wannan ne aikin Oga na ƙarshe."

"Na ƙarshe kamar yaya?"

"Gida sun matsa. Aure ya taso, an ce sana'ar ba ta dace ba. Wai in wancan ɓangaren suka ji ana kankarar fenti, za su fasa."

Na tsaya da tsumma a hannu. Ban shirya wannan da Kawu ba. Ruwan tsumman yana ɗiga a kan takalmina.

Mai Tabarau ya sauke hannu daga kan ƙofar.

"Su fasa mana! Wace irin magana ce wannan? Mutum da sana'arsa a hannu, sana'ar da ke kare lafiyar yaran mutane, a ce ya bari don wasu su ji daɗi?" Ya juyo gare ni, yana nuna ni da yatsan safa. "Malam, ka ji ni da kyau. Duk wanda ya ce sai ka ajiye wannan aikin zai karɓe ka, ba kai yake so ba. Kada ka bari. In ta kama ni da kaina zan je in yi wa mutanen gidanku magana. Ni in na yi magana ana ji."

"Za ka je?" in ji Kawu.

"Wallahi zan je."

"Ko da uwar mai zafi ce?"

"Malam, ni iyaye mata sona suke yi. Uwar wadda zan aura, kujera ta musamman take ba ni."

"To madalla. Oga, an ji ko?"

Na gyaɗa kai. An ji.

Sai tattara wuri, kuma ba a gaggawa a nan ko da zuciyar mutum tana tsalle. Muka naɗe ledar ƙasa daga baki zuwa ciki don abin da ke kanta ya zauna a ciki, muka zuba a buhu muka ɗaure. Na bi ƙasan ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma, na canza ruwa na sake bi. Na goge bakin taga. Na goge takalmina. Mai Tabarau ya cire nasa kayan, ya wanke hannu da fuska a famfo kamar yadda Kawu ya ce, ya gyara zaman gilashinsa, ya ciro waya.

"Bari in kira Gimbiya, yanzu ta tashi daga ofis. Malam mai fenti, wata rana zan nuna maka ita. Ni fa yarinyar nan, ko cikin mata dubu aka rufe mata fuska aka bar ido..."

"Za ka gane ta."

"Kafin in ƙifta!"

Ni kuma ina bakin famfo, ina bin tsarin da nake bi kullum, don takunkumi shi ne ƙarshen abin da ake cirewa. Na goge rigar aikin da tsumma daga kafaɗa zuwa ƙasa. Na zuge ta, na naɗe ta ciki-waje na sa a leda, doguwar rigata mai ruwan goro ta sauka har ƙasa. Na cire safa. Na wanke hannu. Na ɗaga gilashin. Na kwance takunkumi, na wanke fuskata, na gyara ɗankwali.

Na juyo na ce, "Sannu da aiki. Layinka na uku bai fita ba, gobe sai ka sake."

Wayar tana manne a kunnensa. Bakinsa a buɗe. Ya cire gilashin mai ruwan zinariya, ya goge shi da gefen riga, ya mayar. Ya sake cirewa.

Kawu ya saɓa buhu a kafaɗa, ya zo wucewa ta gabansa, ya tsaya.

"Ranka ya daɗe, cikin mata nawa ka ce?"

Da ƙyar muryar ta fito. "Dubu."

"To, mu biyu ne a gidan nan tun safe," in ji Kawu. "Ɗaya kuma gemu gare shi."